Me ya sa ƴaƴan kuturtar hatsi ba sa kama da iyayensu?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ni ɗalibi ne a sashen noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kuma da damana ina taya mahaifina noma wajen Madarunfa. An koya mana cewa ƙwayar da ke kawo kuturtar hatsi tana yin barbara, ta bar ƙwai cikin ƙasa. Na kuma ji cewa a irin waɗannan cututtuka, ƴaƴan da ake samu ta barbara sukan zo da kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da gado, fiye da ƙima. Yaya hakan ke faruwa? Kuma shi ne dalilin da ya sa irin da aka ce yana jure kuturta yakan koma yana kamuwa bayan ƴan shekaru?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Ka haɗa tambayoyi biyu ne wuri guda, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ƙarin kuromozom a ƴaƴan waɗannan ƙwayoyi gaskiya ne, an gani an tabbatar. Amma idan iri ya daina jure kuturta, ni ban fi ɗora laifin a kansa ba. Na fi ɗora shi kan barbarar kanta, ko da ta tafi daidai ba kuskure, da kuma yadda muke shuka iri ɗaya tak a fili mai faɗi. Bari mu bi abin daga gona.

Ka shiga gonar mahaifinka da asuba cikin watan Agusta, raɓa ba ta bushe ba. Nemi hatsin da ganyensa ya yi ɗorawa-ɗorawa tun daga gindin ganyen zuwa tsakiya, sama kuma kore ne. Juya ganyen. Za ka ga wani farin abu kamar an barbaɗa gari. Wannan farin abu irin cutar ne wanda ta fitar cikin dare ba tare da barbara ba. Kowane ƙwaya daga cikinsa yakan fashe cikin ɗigon raɓa ya saki ƙananan halittu masu jela biyu, su yi iyo su shiga wani hatsin. Rana na ɗagawa sun mutu, ba sa daɗewa. Su kwafin uwarsu ne, gadonsu nata ne. Da su cutar ke yaɗuwa daga rami zuwa rami cikin damana guda.

Sai ka koma gonar wajen ƙarshen Satumba. Ganyen nan ya yi ja-ja ya soma yagewa zare-zare, zangarniyar da ya kamata ta cika da tsaba ta koma tulin ƙananan ganyaye kore. In ka murza busasshen ganyen cikin ɗan ruwa ka sa ƙarƙashin madubin labo, za ka ga ƙwallaye masu launin ƙasa-ƙasa da kauri a bango. Waɗannan su ne ƙwan da kake tambaya a kai. Suna iya shekaru cikin ƙasa, rani bai kashe su ba, hunturu bai kashe su ba, suna jiran saiwar hatsi. Kuma kowane ɗaya daga cikinsu sabon haɗi ne na uba da uwa.

Sunan ƙwayar Sclerospora graminicola. Mutane da yawa na ɗaukar ta funfuna ce, har littattafai na da sun jera ta cikin funfuna, amma danginta na kusa su ne wasu gansakuka masu ruwan ƙasa na teku. Ita da Phytophthora infestans mai ƙone dankalin turawa da tumatir, da Bremia lactucae mai kama salak, gida ɗaya suka fito. Bambancin da ya shafe mu shi ne: a jikin waɗannan ƙwayoyi kuromozom biyu-biyu suke zaune tsawon rayuwarsu, kamar yadda suke a jikinka da jikin hatsi. Kai kana da 46, wato 23 sau biyu. Hatsi yana da 14, wato 7 sau biyu. Wata masaniya mai suna Eva Sansome ce ta nuna haka game da wannan gida tun cikin shekarun 1960, ta hanyar ƙirga kuromozom da ido ƙarƙashin madubi, kuma an daɗe ana yi mata musu kafin a yarda.

Kafin a yi barbara dole kowane ɓangare ya rage nasa zuwa rabi. Ɗauke su kamar takalma da aka jera ƙafa biyu-biyu: uba zai ba da ƙafa ɗaya daga kowane takalmi, uwa ta ba da ƙafa ɗaya, ɗa ya tashi da nasa cikakku. A wannan gida ragewar tana faruwa ne cikin gaɓar namiji da gaɓar mace, daf da su haɗu. Idan wajen rabon wasu kuromozom biyu suka ƙi rabuwa, suka bi hanya ɗaya, to ɗayan ɓangaren ya samu biyu, ɗayan bai samu ko ɗaya ba. Wanda ya samu biyun in ya haɗu da abokinsa lafiyayye, ɗa zai zo da uku a wannan gurbi. Irin wannan ne a ɗan Adam ke kawo larurar Down, inda kuromozom na 21 ke zuwa uku, abin da aka gano a Faransa a 1959. Wani lokaci kuma ragewar ce ba ta yiwu gaba ɗaya, sai ɗa ya zo da kowane kuromozom uku-uku.

Akwai hanya ta uku da ta fi waɗannan wuyar gani, ita ma Sansome ta bayyana ta a wasu nau'o'in Phytophthora. Kuromozom biyu da ba takwarorin juna ba sukan karye su yi musayar gutsure. Wanda ke ɗauke da wannan musaya lafiyarsa ƙalau, babu abin da ya ɓata, wuri kawai ya canza. Amma ranar rabo, maimakon su tsaya biyu-biyu, sai huɗu su sarƙe su yi zobe. Zoben nan ba kullum yake rabuwa biyu da biyu ba, yakan rabu uku da ɗaya. Nan ma ga ɗa mai ƙari.

To sau nawa hakan ke faruwa? A nan ne abin ke ba da mamaki. Ita kuturtar hatsi ba ta girma sai cikin ɗanyen tsiro, ba za ka raine ta cikin faranti a labo ba, don haka haɗa ta aure da bin ƴaƴanta ɗaya-ɗaya aiki ne mai cin rai. Ƙirgen da ya fi kyau an yi shi ne a kan ƴan uwanta da ke yarda su tsira cikin faranti. A 2004 masana na Wageningen a ƙasar Holan suka buga taswirar gadon Phytophthora infestans, bayan sun haɗa aure sun bi ƴaƴan da alamomin DNA masu yawa. Sun tarar da sama da ɗaya cikin goma na ƴaƴan suna da kuromozom uku a wani gurbi, kuma suna raye, suna iya kama dankali. Shekara biyu kafin nan, a Ostireliya, an yi irin wannan bincike kan Phytophthora cinnamomi, wadda ke ruɓar da saiwar fiya da itatuwan dajinsu, aka ga rabon gado a ƴaƴanta ya kauce wa lissafin Mendel, wato ƙa'idar yadda gado ke rabuwa tsakanin ƴaƴa, sosai saboda rikicewar kuromozom.

A ɗan Adam da dabba, mafi yawan irin wannan kuskure ciki ne ke zubewa, ba a ma sani ba. Su kuwa waɗannan ƙwayoyi suna da mafita wadda dabba ba ta da ita. Ɗan da ya zo da ƙari ba ya buƙatar ya sake barbara kafin ya yawaita. In dai ya tsira ya kama ganye, gobe da asuba ya fitar da dubban kwafin kansa. Ka dubi wata zuriyar cutar dankali da ake kira 13_A2. An fara ganin ta a Turai wajen 2004, cikin ƴan shekaru ta mamaye gonakin dankalin Birtaniya, ta karya irin da a da ke jurewa, kuma maganin metalaksil ba ya kashe ta. Da aka duba, kuromozom ɗinta uku-uku ne. An kuma lura cewa manyan zuriyoyin da suka daɗe suna yaɗuwa ta kwafi da yawansu uku-uku ne, alhali a inda ake yawan barbara biyu-biyu suka fi yawa. Dalili a fili yake: uku ba ya rabuwa biyu daidai, don haka mai uku-uku gwani ne wajen yaɗuwa, amma in ya zo barin ƙwai lafiyayyu sai ya gaza.

Yanzu ga inda ya shafi jurewar iri, kuma ina so ka natsu a nan. Tun shekarun 1940 Harold Flor, a Amurka, ya nuna cewa sau da yawa tsiro yana jure cuta ne saboda yana da ƙwayar gado guda da ke gane wani sinadari da cutar ke fitarwa. Da ya gane shi sai ya kashe ƴan ƙwayoyin jikinsa da ke wurin, cutar ta rasa abin ci. Ma'ana cutar da ke fitar da sinadarin ita ce mai faɗuwa, wadda ba ta fitar da shi kuwa sai ta wuce ba a gan ta ba. Mu kira gadon fitar da sinadarin babban A, rashinsa ƙaramin a. Tun da biyu-biyu ne, ƙwayar da ke da Aa tana fitar da shi, iri ya gane ta, ba ta iya kama shi. Ƙaramin a yana nan ɓoye a jikinta. In Aa ta haɗu da Aa, ɗaya cikin huɗu na ƴaƴansu zai fito aa, kuma wannan ɗan zai cinye irin da uwarsa da ubansa duka suka kasa taɓawa. Babu wani kuskuren kuromozom a nan, lissafin Mendel ne tsantsa. An gwada wannan a kan kuturtar hatsi kanta a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Indiya, aka buga a 2006: aka haɗa wadda ke kama wani layin hatsi da wadda ba ta kama shi, ƴaƴan farko duka suka kasa kamawa, jikoki kuma suka rabu uku da ɗaya.

Ina ƙarin kuromozom ya shigo? Ɗauki ɗan da ya zo da Aaa. Yau iri yana gane shi. Amma kuromozom na ukun nan ba ya zama daram. Yayin da ƙwayar ke girma tana rarrabuwa cikin ganye, ɗaya daga cikin ukun yakan faɗi. In wanda ya faɗi shi ne mai ɗauke da babban A, ga aa ta fito tsakiyar damana, ba a jira wata barbara ba. Haka kuma idan gadon jure magani ne ya zo biyu cikin uku, ƙarfinsa na iya bambanta da na iyaye. Don haka ƙarin kuromozom yana buɗe wa cutar ƙarin ƙofa, kuma yana sa ɗalibi irinka ya ƙirga ƴaƴa ya ga lissafi ya ƙi fita, ya zaci shi ne ya yi kuskure.

Wani abin da ƙarin ke yi ya fi wannan ba ni tsoro. A 1982 Michelmore da Pawar da Williams suka nuna cewa kuturtar hatsi tana da jinsi biyu na barbara, kuma sai jinsunan biyu sun haɗu cikin tsiro ɗaya ƙwai ke samuwa da yawa. Kada ka ɗauke su namiji da mace, domin kowane jinsi yana iya yin gaɓar namiji da ta mace; abin da yake buƙata shi ne kasancewar ɗayan kusa da shi. A Phytophthora an gano cewa sinadari ne kowane jinsi ke saki ya motsa ɗayan, har ma wanda aka motsa yakan yi barbara da kansa, shi ya sa cikin ƙwan da aka samu daga haɗi guda ake tarar da waɗanda ba su da uba na waje. To a cutar salak an samu wasu ƙwayoyi da ke yin ƙwai su kaɗai ba abokin tarayya, kuma da aka duba su ƙarƙashin madubi aka danganta abin da ƙarin kuromozom a gurbin da ke riƙe da jinsi. In ka raba ƴaƴan kwafinsu ɗaya-ɗaya, wasu su fito jinsin farko, wasu na biyu, wasu su ci gaba da yin ƙwai su kaɗai. Ka ga ƙwaya guda ta isa ta kafa jinsi biyu a gonar da a da babu.

Tarihin dankali ya nuna abin da haɗuwar jinsi biyu ke jawowa. Cutar da ta jefa Ayalan cikin yunwa daga 1845, har mutane kusan miliyan ɗaya suka mutu, ta yi fiye da shekara ɗari tana yawo a duniya da jinsi ɗaya kawai, A1. Jinsi na biyu, A2, yana kwarin Toluca a Meziko. Da ya ɓulla a Turai, aka ba da rahotonsa daga Suwizalan a 1984, sai aka fara samun ƙwai cikin ƙasa a arewacin Turai, cutar ta riƙa fitowa da wuri kuma da fuskoki barkatai. Mu nan ba mu taɓa samun wancan sauƙi na jinsi ɗaya ba. Hatsi ɗan Sahel ne, an samu burbushinsa na noma a kwarin Tilemsi na Mali mai shekaru fiye da 4,000, kuma jinsunan kuturta biyu duk suna Afirka ta Yamma. Gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya cikin shekarun 1980, inda aka tara samfurin cutar daga ƙasashe daban-daban, sun nuna na Afirka ta Yamma, musamman na Nijar da Najeriya, sun fi na Indiya zafi. Shi ya sa irin da ya yi suna da jurewa a wata ƙasa, sai an gwada shi a tashar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ko a tashar INRAN, hukumar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna kafin a yi masa shaida.

Sai dai ka lura da wani abu. Da yake cutar tamu ta fi zafi, me ya sa ba mu ga ta share gonakin jiha guda cikin shekara ɗaya ba, kamar yadda ta yi wa Indiya? Can sun fitar da hatsin aure na farko, wato irin da ake samu ta haɗa zaɓaɓɓun layuka biyu, mai suna HB 1, a 1965, sai HB 3 ya biyo baya ya bazu ko'ina, kuma dukansu uwa ɗaya suka haɗa, wani layi mai suna Tift 23A da aka kawo daga Amurka. Farkon shekarun 1970 kuturta ta faɗa musu, amfanin ƙasar ya faɗi warwas. Aka canza iri, wanda aka kawo shi ma ya yi ƴan shekaru ya faɗi, haka aka yi ta yi. Sai a 2005 suka fitar da HHB 67 Improved, wanda aka ƙara wa gadon jurewa ta hanyar bin alamomin DNA. A gonar hatsin aure kowane tsiro gadonsa ɗaya da na maƙwabcinsa. In ƙwai guda cikin dubbai ya fito aa, to gonar duka tasa ce, ya yi kwafi, ya bar ƙwai, baɗi ƴaƴansa su ne masu rinjaye.

Zangon da mahaifinka ke ajiyewa cikin rumbu ba haka yake ba. Hatsi yana fitar da gashin mace kafin bununin namiji ya fito, don haka iska ce ke kawo masa bununi daga wata zangarniya. Kowane tsiro a gonar da ɗan bambancinsa. Cutar da ta iya wannan rami ba lallai ta iya na kusa da shi ba. HKP da Zatib da SOSAT su ma ba layi ɗaya ba ne, tarin gado ne da aka tace. Suna kamuwa kaɗan-kaɗan kowace shekara, amma da wuya su rushe gaba ɗaya. Wannan ba hujja ba ce ta ƙin hatsin aure, yabanyarsa na da kyau kuma muna buƙatar ƙarin amfani. Ra'ayina dai shi ne duk wanda zai kawo shi kudancin Maraɗi, inda ruwa da raɓa suka fi na Dakoro da Mayahi yawa, ya zo da fiye da ɗaya masu tushen jurewa daban-daban, kuma a riƙa canza su kafin cutar ta koye su.

Kafin ka yanke hukuncin cewa iri ya karye, duba irin kansa. Wanda aka saya shekara huɗu da suka wuce ana ta maimaita shi kusa da gonakin maƙwabta ya riga ya gauraye, sunan ne kawai ya rage. Sau da yawa abin da ake kira karyewar jurewa wannan ne.

Abin da za ka gaya wa mahaifinka kuwa ya fito ne kai tsaye daga bayanin ƙwan. Duk tsiron da ya nuna kuturta cikin wata na farko, lokacin noman fari da cira, a tumɓuke shi a fitar da shi daga gona a ƙone ko a binne da zurfi. Manomi yakan ji nauyin tumɓuke hatsi kore, na sani, amma wanda ya kamu tun yana ƙarami ba zai ba da tsaba ba, ƙwai kawai zai tara. Kada a jefar da shi bakin kunya, kada a haɗa karansa da na danni ko na dabbobi, don ɓurɓushinsa zai dawo gona cikin taki. Kada a ɗebi iri daga ramin da ya kamu, domin ƙwan yana manne wa tsaba. A wanke iri da magani mai metalaksil, irin su Apron Star, bisa awon da ke jikin leda. Yana tsare tsiro ƴan makonnin farko da cutar ta fi shiga. Amma kada a dogara da shi shi kaɗai, don a dankali cutar ta koyi jure wannan magani tun 1980 a Ayalan da Holan, ƴan shekaru kaɗan bayan fitowarsa. Gonar da ta cika kuturta kuma a ba ta wake ko gyaɗa, ko da yake shekara ɗaya ba ta ƙarar da ƙwan, tana dai rage shi.

In kana neman abin da za ka rubuta kundin kammala karatu a kai, ga aiki a gabanka wanda ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Tattara busassun ganyen da suka kamu daga gonaki daban-daban, misali Madarunfa, Gidan Rumji, Agye da Tasawa, kowane cikin takardarsa daban, kada ka sa cikin leda don zai ruɓe. Daka kowane ya zama gari, ka gauraya da ƙasar da aka dafa cikin tukwane, ka shuka layukan hatsi iri ɗaya a kowace tukunya, har da layi guda mai saurin kamuwa don ka tabbatar ƙwan na da rai. Bayan wata guda ka ƙirga waɗanda suka kamu. Ka nemi malamanka su haɗa ka da masu binciken hatsi na Tarna don samun tsabar layukan gwaji, kuma ka ajiye rabin garin ganyen da ka samo daga kowane gari a busasshen wuri da sunansa da kwanan wata, domin wanda zai duba DNA ɗinsa nan gaba zai buƙace shi.